Waiwaye: Takardun da Suka Ci Lasisin Likitar Boston

A watan Satumban 1992, ana saura 'yan kwanaki hukumar rajistar likitoci ta jihar Massachusetts a Amurka ta fara sauraron tuhumar da ake mata a bainar jama'a, Dokta Margaret Bean-Bayog ta miƙa lasisinta da kanta, miƙawa ta har abada. Likitar ƙwaƙwalwa ce, tana koyarwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard, kuma ta yi suna wajen kula da masu fama da shan giya. Zaman da aka shirya bai yiwu ba. Ba a kira shaidu ba, ba a yi mata tambayoyi ba, ba a yanke hukunci ba. Sana'ar da ta ƙare ƙuruciyarta wajen koyo ta tafi tun kafin a buɗe zauren.

Asalin maganar wani ɗalibin likitanci ne a Harvard ɗin, wanda ya fara zuwa wurinta a 1986 da ciwon damuwa mai tsanani da yawan tunanin hallaka kansa. Shekara huɗu tana duba shi, a tsakani an sha kwantar da shi a asibiti. A 1990 suka rabu. A watan Afrilun 1991 ya rasu a jihar Texas bayan hodar ibilis ta yi masa yawa, yana da shekara 28. Abin da ya tayar da ƙura shi ne kayan da 'yan uwansa suka tarar a ɗakinsa: ƙananan katuna da rubutun hannun likitar, inda take kiran kanta uwarsa shi kuma ƙaramin yaronta, da littattafan yara da ta ba shi, sannan shafuka masu yawa, su ma da hannunta, ɗauke da tunane-tunanen sha'awa waɗanda bakin mai kunya ba zai maimaita ba. Iyalin suka shigar da ƙara, jaridun Boston suka samu takardun a farkon 1992, daga nan labari ya game ƙasar.

Ita kuwa ta musanta cewa wani abu na alfasha ya taɓa shiga tsakaninsu. Ta ce katunan dabara ce ta lallashin mutumin da kullum yake bakin mutuwa, don ya samu abin riƙewa idan ba ta kusa. Shafukan nan kuma, in ji ta, rubutun sirrinta ne, wanda ta yi don ta fahimci abin da majinyacin ke tayarwa a ranta, kuma ɗauke su ya yi ba da saninta ba. Duk wanda ya san aikin ya san akwai ƙamshin gaskiya a tushen wannan magana: mai sauraron damuwar mutane shekara da shekaru dole abubuwa su motsa a zuciyarsa, tausayi, haushi, tsoro, wani lokaci har da sha'awa, kuma tun a makaranta ake koya masa ya lura da su don kada su ja ragamar aikinsa. Wasu abokan aikinta sun tsaya mata, wasu sun ce ta wuce gona da iri. A ƙarshen shekarar aka sasanta ƙarar iyalin a kan dala miliyan 1 ba tare da ta amsa laifi ba. A 1994 littattafai biyu suka fito a kan lamarin, ɗaya ya karkata ga iyalin, ɗaya ga likitar.

Wanke ta ko kama ta da laifi ba shi ya sa na waiwayi wannan labari ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da a ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ta riga ta faɗi tun ranar da takardun nan suka shiga hannun wanda bai zauna a ɗakin ba. Katin da ya zama abin lallashi tsakanin mutum biyu da suka san mafarinsa, a hannun 'yar uwar mamaci ko ɗan jarida ya zama abin tsayar da gashin kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a wannan sana'a ranar wankan ita ce ranar da baƙo ya buɗe fayil ɗinka ya karanta ba ka nan balle ka yi bayani.

Ma'aikatan lafiya da yawa suna haɗa ƙarar neman diyya da koke gaban hukumar sana'a, alhali sun sha bamban. A kotu sai mai ƙara ya ɗauki lauya, ya nuna an yi sakaci, ya kuma nuna sakacin ne ya cutar da shi. Gaban hukuma kuwa takardar koke ta isa ta motsa bincike, kuma ba majinyaci kaɗai ke iya rubuta ta ba. Mijin majinyaciya na iya rubutawa, ko tsohon mijin da suke rigimar riƙon 'ya'ya, ko abokin aiki, ko wani likitan da majinyacin ya koma hannunsa. Ba lallai sai wani ya cutu ba. Tambayar hukuma ita ce ko ka yi aikin yadda sana'a ta shimfiɗa. Diyya kamfanin inshora ke biya, mutum ya koma ofis washegari. Lasisi idan ya tafi, da shi da abincin gidan suke tafiya. A Amurka tun 1990 akwai rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya inda ake shigar da duk matakin da wata hukuma ta ɗauka a kan lasisin ma'aikacin lafiya, har da wanda ya ajiye nasa ana cikin bincikensa, kuma asibitoci na dubawa kafin su ɗauki mutum aiki. Sauya jiha ba ya ɓatar da sawu. A Birtaniya kuma tun 2008 hukumar likitoci ta daina neman hujjar da ba ta bar kokwanto ba irin ta shari'ar laifi, rinjayen hujja ya wadatar.

Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun fi kowa zama a fili a nan. Likitan ƙashi yana da hoton da zai ɗaga ya nuna karaya. Mai tiyata yana da mutum huɗu ko biyar da suka tsaya tare da shi a ɗaki. Likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko mai ba da shawara, kayan aikinsa magana ce, a ɗaki rufe, shi da mutum ɗaya, wani lokaci na tsawon shekaru. Sannan ciwon da yake magani shi kansa yana iya sa majinyaci ya ƙaunace shi fiye da kima a yau, gobe ya tsane shi. Amma ina so in yi saurin toshe wata ƙofa. Wannan ba dalili ba ne na a ce duk koken da ya fito daga mai taɓin hankali shirme ne. Da wannan kalma ta "ai ba shi da lafiya" aka binne zalunci mai yawa a asibitocin duniya, musamman wanda aka yi wa mata. Hukumar da ta saurari koken majinyacin ƙwaƙwalwa da muhimmanci aikinta take yi. Ma'aikacin kirki bai kamata ya nemi a toshe bakin majinyaci ba, abin da zai nema shi ne ranar da aka tambaya ya zama yana da abin nunawa.

To, wani zai ce darasin Boston ai a fili yake: kada ka rubuta komai, abin da ka rubuta kuma ka ɓatar da shi. Wanda ya fahimci haka ya dubi abin da ya faru a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1969. Wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, ya shaida wa masanin halayyar da ke duba shi a asibitin jami'a, Dokta Lawrence Moore, cewa zai kashe wata yarinya idan ta dawo daga Brazil. Bai faɗi sunanta ba, amma gane ta ba wuya: Tatiana Tarasoff. Moore bai yi shiru ba. Ya shawarci likitoci biyu, suka yarda a tsare ɗalibin a duba shi, ya sanar da 'yan sandan jami'a da baki, ya bi da wasiƙa. 'Yan sanda suka ɗauke shi, suka ga yana magana daidai, ya yi alkawarin zai nisance ta, suka sake shi. Daga nan, kamar yadda ƙarar iyayenta ta bayyana, shugaban sashen, Dokta Harvey Powelson, ya nemi 'yan sanda su dawo da wasiƙar, ya ba da umarni a lalata kwafinta da bayanan da Moore ya rubuta, kuma kada a sake ɗaukar wani mataki. Ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoban 1969 Poddar ya same ta a gida ya kashe ta.

Kotun Ƙolin Kalifoniya ta duba maganar sau biyu, a 1974 da 1976, ta ƙare da cewa idan mai magani ya gane, ko ya kamata a ce ya gane, majinyacinsa haɗari ne ga wani, wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace don kare wannan mutumin. Shari'ar ta diyya ce, amma ma'aunin da ta kafa ya bazu zuwa jihohi da yawa, ya shiga dokoki da littattafan ɗa'ar sana'a, ya zama cikin abin da ake auna ma'aikaci da shi. Fiye da shekara 50 ke nan ana karantar da wannan shari'a, kuma duk inda aka karanta ta, Moore yana fitowa a matsayin wanda ya yi ƙoƙari, domin shawarar da ya nema da wasiƙar da ya rubuta sun bar sawu. Umarnin lalata takardu kuwa shi ne tabon da bai goge ba. Wanda ya yaga shafi don ya tsira, ya yaga shaidar da za ta tsaya masa, ya kuma ƙara wa kansa laifi na biyu wanda sau da yawa ya fi na farkon nauyi a idon hukuma, domin kuskure ana iya yafe shi, ha'inci kuwa da wuya.

Bambancin yana ga irin rubutun. A ɗauki saurayin da aka kawo da ciwon damuwa. Wani likitan zai rubuta layi guda: yana samun sauƙi, ya ci gaba da magani. Wani kuma, a minti biyar ɗin nan dai, zai sa kwanan wata da lokaci, ya rubuta cewa ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa, ya ce tunanin na zuwa masa da dare amma bai shirya komai ba; akwai fiya-fiya a gidan, kuma da izininsa an yi magana da yayansa ya ɗauke; an ba shi shawarar kwanciya ya ƙi saboda jarrabawa, kuma a ganin likita ya fahimci abin da ƙin ke nufi; an tattauna da babban likita; zai dawo bayan kwana uku; an ba yayan lambar da zai kira idan abu ya canza. Allah ya kiyaye, idan mummunan abu ya faru, na farko ba shi da abin faɗa sai "na tambaye shi, ban dai rubuta ba", kuma masu bincike sun ji wannan magana har sun gaji. Na biyun ko da shawararsa ba ta haifar da ɗa mai ido ba, fayil ya nuna ya yi tunani, ya auna, ya nemi ra'ayin wani. Hukumar kirki ba ta neman ma'aikaci ya san gaibu. Kuma abin da ya fi muhimmanci a wurina, rubutu na biyun shi ne wanda zai amfani saurayin kansa idan ya dawo tsakar dare ya tarar da wani likitan daban a bakin aiki.

Muna da misalin wannan a gida, ko da yake ba a fannin ƙwaƙwalwa ba. A 1991 wata mai jego, mabiyar Shaidun Jehobah, ta rasu a wani asibiti a Enugu bayan ta ƙi yarda a ƙara mata jini. Kotun ladabtar da likitoci ta kama Dokta John Okonkwo da laifi, ta dakatar da shi wata shida. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da sokewar a 2001, tana mai cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Cikin abubuwan da suka tsaya wa likitan akwai katin da matar ta sa wa hannu da takardar da mijinta ya rubuta. Ga mai aikin ƙwaƙwalwa akwai ƙarin mataki, domin tambayar da za a fara yi masa ita ce: lokacin da majinyacin ya ƙi, yana cikin hayyacin da zai yanke wa kansa shawara? Idan amsar tana cikin kan likita kawai, ba ta cikin fayil, kamar babu ita ne.

Sai maganar iyaka, wadda ita ce zuciyar abin da ya faru a Boston. Da wuya ma'aikaci ya wayi gari ya tsallake ta da tsalle ɗaya. A hankali ake zamewa: zaman minti hamsin ya koma awa biyu, a ba da lambar gida, a fara hira da dare, a karɓi rance, a shiga kasuwanci tare. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haramta soyayya da majinyaci ko da ya zama tsohon majinyaci. Ta masana halayya ta sa aƙalla shekara biyu bayan rabuwa, kuma ko bayan nan nauyin nuna cewa ba a ci da gumin rauninsa ba yana kan ma'aikacin. A wurinmu iyakar tana da nata salo. Dattijo ya kawo zabi biyu daga ƙauye don 'yarsa ta samu sauƙi, mayar masa da su cin fuska ne, kuma ban ga laifin karɓa a gode ba. Amma idan godiyar ta kai ga fili, ko ga "Likita, ai na ba ka ita", to an shiga wani wuri daban, ko da kowa a gidan yana murna. Yarinyar da ta buɗe maka cikinta tana cikin rauni ba a matsayin da za ta ce maka a'a take ba. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: abin da za ka ji nauyin rubutawa a fayil, ko faɗa a taron likitoci na safe, kada ka yi shi. Idan kuma wata sabuwar dabara ce kake ganin za ta ceci majinyaci, to ita ce ta fi buƙatar a rubuta dalilinta, a rubuta sunan wanda aka shawarta da abin da ya ce, tun kafin a fara.

Tona sirri shi ma yana cin lasisi, kuma ta hanyar da ba ta kama da laifi. A 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wata jami'ar jin daɗin jama'a mai lasisi, Karen Beyer, wadda ta yi zama kusan 50 da wata 'yar sanda a jihar Illinois bayan 'yar sandan ta harbe wani mutum a bakin aiki. Dangin mamacin suka nemi bayanan zaman, Beyer ta ƙi bayarwa, alƙali ya ce wa masu taya shi hukunci suna iya ɗauka abin da ke ciki ba alheri ba ne ga 'yar sandan. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce wannan sirri abin karewa ne a kotunan tarayya. A nan Najeriya kuwa matsin ba daga lauyoyi yake fara zuwa ba, daga dangi yake zuwa, cikin girmamawa. Mutum ya tare ka a baranda: "Likita, ni ne yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na biya kuɗin kati. Me ta ce muku?" Ko miji ya shigo da fara'a: "Ranka ya daɗe, 'yar takarda nake so ka rubuta mini cewa ba ta da cikakken hankali, alƙali ya ce in kawo." Ko a kira ka daga gidan da ake neman aure, ana binciken asali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta fayyace cewa bayanin majinyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko inda ɓoyewar babbar barazana ce ga lafiyar jama'a, da tanadi na musamman ga yara da wanda ba zai iya ba da izini ba. Amsar da ta dace ba ta buƙatar faɗa: "Alhaji, ka yi haƙuri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kotu na so, ta rubuto wa asibiti. Idan kuma Hajiya ta yarda, sai mu zauna mu uku." Takardar da aka rubuta wa miji don kunya, ita ce wata rana lauyan matar zai liƙa a bayan koke.

Duk da haka, mai kiyaye duk wannan ma takardar tuhuma na iya samunsa. A Najeriya, ga likita, koke yana zuwa ne ga kwamitin bincike na Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, da rantsuwar kotu, shi ma ya mayar da amsa da rantsuwa. Idan kwamitin ya ga akwai abin amsawa sai a tura kotun ladabtarwa, wadda ke iya yin gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko cire suna daga rajista, kuma daga can ana ɗaukaka ƙara. Ma'aikatan jinya suna da tasu hukumar. Mafi yawan ɓarnar da mutane ke yi wa kansu a makon farko suke yin ta, cikin zafin rai. Wani ya kira mai koken don a sasanta, a rubuta masa cewa ya yi barazana. Wani ya ɗauko fayil ya cike giɓi da biro iri ɗaya, ya manta an riga an ɗauki kwafi; alhali in akwai abin da ya tuna, sabon shafi zai buɗe ya sa kwanan watan yau ya ce ƙarin bayani ne. Wani ya zazzage labarin a zauren WhatsApp na abokan makaranta, ya tona sirrin majinyacin da hannunsa. Mafi muni shi ne wanda ya zauna ya rubuta amsa shafi goma yana zayyana ciwon mai koken don ya nuna ba abin yarda ba ne. Masu karanta amsar likitoci ne, kuma abin da za su gani shi ne mutumin da ya mayar da amanar majinyaci makami. Abin yi shi ne a kulle fayil yadda yake, a sanar da shugaban asibiti da ƙungiyar sana'a, a nemi lauyan da ya san wannan fanni, a amsa cikin wa'adi, a amsa abin da aka tambaya kawai. Wanda yake da inshora kuma ya duba tun yau ko ta haɗa da kuɗin kare kai gaban hukuma, domin ba kowace ke haɗawa ba.

Kada kuma mutum ya shiga wannan hali shi kaɗai. Wani bita da hukumar likitocin Birtaniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2014, ya gano likitoci 28 da suka hallaka kansu, ko ake zaton haka, suna cikin bincike tsakanin 2005 da 2013. Masu maganin damuwar wasu ba su fi ƙarfin tasu ba. Kuma hukuma ba ma'asumiya ba ce. Dokta Hadiza Bawa-Garba, likitar yara haifaffiyar Najeriya, an cire sunanta daga rajistar Birtaniya a Janairun 2018 a kan rasuwar wani yaro ɗan shekara shida a Leicester a 2011, ranar da asibitin ke fama da ƙarancin ma'aikata da matsalar kwamfuta. Abokan sana'arta suka yi karo-karo, ta ɗaukaka ƙara, a Agustan shekarar kotu ta mayar da sunanta. Da ta sallama tun farko, da maganar ta ƙare a Janairu. Ina yawan tuna wannan idan na tuna Boston. Wanda ya ajiye lasisi don ya huta da idon duniya, ya sani ya rufe ƙofar da za a iya wanke shi ta cikinta.

Akwai wata hanyar kare lasisi da nake ƙi da dukkan zuciyata, kuma ita ce ta fi sauƙi: gudun majinyaci mai wahala. A ƙi karɓar mai yawan maganar mutuwa, a tura mai rigimar aure gaba, a kwantar da wanda bai buƙaci kwanciya ba don kada a ce an sake shi, a cika mutum da ƙwayoyi don ya yi shiru. Mai yin haka yana iya yin ritaya ba a taɓa kai kokensa ba, amma waɗanda suka fi buƙatarsa su ne ya bari a waje. A ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 kuma likitocin ƙwaƙwalwarta, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba, wanda asibiti ya kora mun san inda yake ƙarewa. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da maza da yara fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa, kuma cikin makonni aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. A irin waɗannan wurare babu lasisin da za a soke, babu fayil, babu hukumar da uwa za ta rubuta wa. Shi ya sa idan na ji ma'aikaci na kukan cewa majinyata sun fara sanin hanyar kai koke, nakan tausaya masa, amma ba na taya shi kukan.

Kuma koken zai ƙaru. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Ta ba majinyaci haƙƙoƙi a rubuce, ta sa sharuɗɗa a kan kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta kuma tanadi inda zai kai kuka. Tambayoyin da a da ba mai yi wa likita a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri, yanzu doka ta ba da damar a yi su: wa ya ba da izinin kwantarwa, bisa wane dalili, yaushe aka sake dubawa, me ya sa aka ɗaure shi, na tsawon wane lokaci.

Ba adalci ba ne a ɗora duk wannan a kan ma'aikaci shi kaɗai. Likitan da ke ganin layin da ya kai bakin ƙofa kafin azahar, a asibitin da fayil ke ɓata tsakanin ɗakin kati da ɗakin duba marasa lafiya, ba zai iya irin rubutun da na kwatanta ba sai shugabanni sun share masa hanya. Abin da nake roƙon shugabannin asibitocin nan bai kai kuɗin sabon gini ba: takarda guda mai gurabe ta auna haɗarin kashe kai, a sa ta a kowane fayil, ɗakin kati mai makulli da littafin da ke nuna wa ya ɗauki wane fayil, awa ɗaya a mako da ba a taɓa ta, inda ƙaramin likita da nas da masanin halayya za su kawo majinyacin da ya fi damunsu gaban manya, a rubuta abin da aka yanke, da kuma tebur a cikin asibitin inda dangi za su kai kuka a saurare su a ranar. Koke da yawa da ke isa Abuja sun faro ne daga uwar da ta tambayi abin da ya sami ɗanta aka ce mata ta jira a waje.